Jirgin da ya ƙi tsufa: nazarin aikin wani malami a ƙauyen Jigawa

Tushen lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa malamin firamare ne a wani ƙauye da ke kusa da layin dogon Kano zuwa Nguru, tsakanin Gagarawa da Malam Madori. Shekarunsa sun ɗan haura 40. Mahaifinsa, wanda yanzu ya doshi 80, a tasha ya fara neman abinci tun yana saurayi, da dakon buhunan gyaɗa, daga baya aka ɗauke shi aikin gyaran dogo, ya yi ta yi har ƙarfi ya ƙare.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Reshen Nguru, mai tsawon kusan kilomita 230, an kammala shi a 1930, ya ratsa Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Gyaɗa da fatu da shanu ne suka riƙe shi, har farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya kasuwar. Ɗaliban malamin suna tsallaka dogon kullum a hanyar makaranta, amma yawancinsu ba su taɓa shiga jirgi ba. Ya daɗe yana son ya haɗa musu ƙaramar tasha a kan teburi, su ga yadda wurin yake a zamanin kakanninsu.

A watan Oktoba ya shiga Kano, ya ci karo da wani kwali a wurin masu gwanjo. A ciki akwai kan jirgi ɗaya mai tururi, da taragun fasinja 2, da taragun kaya 6, da guntayen dogo, da 'yar na'urar da ke ba shi wuta bolt 12. Ƙirar Ingila ne, a ma'aunin da ake kira OO, wato an rage girman jirgin gaske sau 76. Mutum mai tsawon mita 1.7, a wannan ma'auni kusan milimita 22 ne. Jikin taragun roba ne, ƙafafun kan jirgin ƙarfe.

Ya shimfiɗa dogon a zaure, ya haɗa da batirin sola, jirgi ya fara zagaye. Tsohon ya zauna a tabarma ya daɗe yana kallo. Da yake malamin ɗan fari ne, uban ba ya kiran sunansa.

"Kai, wannan ai amarya ce, ba jirgi ba."

"Me ya rage mata, Baba?"

"Wahala. Ba ta sha komai ba. Sannan namu ba su da waɗannan ƙahoni biyu a gaba, ƙugiya ɗaya ce a tsakiya."

Ƙorafi biyu ke nan. Na ƙahoni, wato ƙarafa biyun da ke tare karo a gaban jirgi, ba shi da magani a kusa, domin jiragen Ingila haka aka ƙera su. Faɗin dogon ma ba namu ba ne: tsohon layin Najeriya milimita 1,067 ne, na Ingila 1,435, shi kuwa dogon wasan mai milimita 16.5 idan aka ninka shi sau 76 ba ya faɗawa kan ko ɗaya daga ciki. Ɗaya ƙorafin, rashin wahala, shi malamin ya ɗaura wa ɗamara. A Ingila da Jamus da Amurka da Japan masu wannan sha'awa suna da garin launi da fenti na musamman don tsufar da ƙananan jirage, amma kuɗinsu da na aikowa sun fi ƙarfin albashin malamin firamare. Ya ƙudura zai yi da abin da ke kusa, kuma ya gama kafin hutun Disamba.

Nuwamba: yashin gaske

Tunaninsa na farko shi ne, tunda ƙura ake nema, ga ta nan a bakin dogo. Ya ɗebo rairayi cikin gwangwanin madara, ya tankaɗe da rariyar gari, ya shafa wa taragon kaya ɗaya farin gam na kafintoci, ya barbaɗa. Bai tsaya nan ba, ya ɗan yayyafa wa ƙasan kan jirgin ma.

Da gam ya bushe, taragon ya fito kamar ƙuli-ƙulin da ya faɗi a ƙasa. Layukan katako da kawunan ƙusoshi da aka zana a jikin robar duk sun ɓace. Lissafin a fili yake: ƙwayar yashi mai rabin milimita, a idon ma'aunin 76, dutse ce mai milimita 38, kamar goro. Mai milimita 1 kuwa goruba ce. Ya manna wa tarago goro da goruba ne yana zaton ƙura.

Kwana 3 bayan haka kan jirgin ya fara gurnani, ya ja ya tsaya, daga baya ya ƙi motsi. Ya kai shi wurin wani mai gyaran rediyo a Haɗeja. Da aka buɗe, aka ga yashi a haƙoran injin, sannan ga wani baƙin gari ya yi gemu a jikin mayen ƙarfen da ke cikin ɗan injin lantarkin. Mai gyaran ya ɗauko mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika, ya tsoma a gwangwanin yashin, ya ɗago da irin wannan baƙin garin manne. Ya wanke injin, ya ɗiga masa man keken ɗinki kaɗan, ya ce, "Malam, duk ƙasar da za ta kusanci wannan abu, a fara ratsa ta da wannan." Ya ba shi kyautar mayen ƙarfen.

Taragon ya tsira. Farin gam yana saki a ruwan ɗumi, ya jiƙa shi kwana ɗaya, ya goge da tsohon buroshin haƙori.

Hutun Disamba ya zo ya wuce ba a yi baje koli ba.

Janairu: fentin mai, tina da baƙin mai

Karo na biyu ya nufi masu fenti. Ya sayi ƙananan gwangwanaye 2 na fentin mai, baƙi da ruwan ƙasa, irin wanda ake yi wa ƙofa. Da ya shafa kai tsaye ya yi kauri, ya yi sheƙi, kamar an sake yi wa taragon sabon fenti mummuna. Wani mai fentin mota ya ba shi shawarar ya sirka da tina. Ya sirka, ya shafa wa tarago na biyu. Cikin minti ɗaya robar ta yi laushi, buroshi ya fara jan ta kamar alewa, gefe ɗaya ya yamutse. Irin wannan roba tina tana narkar da ita, haka fetur, haka ruwan goge farce na mata. Mai fentin bai yi ƙarya ba, a jikin ƙarfen mota shawararsa daidai ce. Wannan tarago bai gyaru ba.

Ya gwada kananzir a madadin tina a kan gefen da ya rage lafiya. Bai narkar da robar ba, amma fentin ya ɗauki kwanaki yana danƙo, hazon Janairu kuwa yana sauka a kai yana zama gashi-gashi.

Tarago na uku baƙin mai ya sha, wanda aka juye daga injin babur. Hujjarsa ita ce jirgin gaske ma mai ne ke ɓata shi. A ranar farko abin ya burge shi, domin man ya kwanta cikin layuka ya fito da su. Sai dai baƙin mai ba ya bushewa. Cikin mako ɗaya ya koma caɓi, duk wanda ya taɓa sai ya bar shatar yatsa, kuma ya fara gangarowa kan dogo, kan jirgi yana santsi yana ɗauke wuta. Da sabulun ruwa na wanke-wanke aka fitar da shi, wanki 3.

Lissafin ƙarshen Janairu: tarago ɗaya ya lalace, biyu sun dawo yadda suke, watanni 3 sun tafi. Ya rufe kwalin ya tura ƙarƙashin gado.

Afrilu: zuwa tasha

A hutun Afrilu tsohon ne ya tayar da maganar. Ya ce a ɗauke shi a babur a kai shi wata tasha da akwai tsofaffin taragu a ajiye a gefen layi. Suka tafi da sanyin safiya, malamin da littafin rubutu da wayarsa. Sun yi awa 2 a wurin, ya ɗauki hotuna kusan 40.

Abin da tsohon ya yi shi ne, kowane tabo sai ya tambayi ɗan nasa daga ina ya fito, in ya rasa amsa ya gaya masa.

Ƙasan tarago, ƙafafu da ƙarafan da ke riƙe su, launinsu ɗaya, ruwan ƙasa mai duhu da ɗan ja, ko wane fenti aka yi wa saman. Burki ne. Takalmin burkin zubin ƙarfe ne, duk taka shi da aka yi yana cinyewa, garin yana tashi ya manne a jikin mai da giris, ya yi tsatsa a can. Daga nan launin yana hawa jikin taragon yana raguwa, bai fi kamu biyu ko uku ba ya ɓace.

Saman taragon kuwa ba datti ne ya canza shi ba, rana ce. Fentin ya koɗe ya yi fari-fari, rufin ya fi ko'ina. Tsatsa ba a ko'ina take ba: a kan ƙusa take, da maratayar ƙofa, da inda aka buga ƙarfe ya loɓa, da inda ruwa ke kwanciya. Daga kowace ƙusa wani siririn layi ya gangaro tsaye, hanyar ruwan sama, yana shuɗewa kafin ya kai ƙasa. Babu layi ko ɗaya da ya tafi a kwance ko a karkace. Katakon da fenti ya bari ya koma launin toka, ba ruwan ƙasa ba.

Sai maganar ƙura, wadda tsohon ya fi daɗewa a kai. Ƙasar wannan yanki jigawa ce, rairayi mai haske, daga nan ma jihar ta samo sunanta. Hazon hunturu, wanda iska ke kwasowa daga wajen Bodele a Chadi, shi ma fari-fari ne. Don haka ƙurar layin Nguru ba ja ba ce. Amma taragon gyaɗa ba a nan yake kwana ba, yana tafiya har Ikko, sama da kilomita 1,100 daga Kano, ya ratsa jar ƙasa ya dawo. Tsohon ya ce a da suna gane taragon da ya daɗe bai bar reshen ba da wanda ya taso daga kudu tun daga nesa: na kudu ja a gindi, fari a kafaɗa.

Kan jirgi mai tururi babu shi a tashar, sai abin da tsohon ya tuna. Kwal daga Inugu ake kawowa, hayaƙinsa yana sauka a saman tukunyar ruwan jirgin da rufin ɗakin direba da rufin taragun da ke biye, baƙi marar sheƙi. Inda tururi ke tsartuwa akwai farin tabo yana gangarowa, irin wanda ruwan rijiya ke bari a cikin buta. Ƙarƙashin murhu toka ce. Sandunan da ke juya ƙafafu kullum jiƙe suke da mai, suna ƙyalli. Marikin da direba da ɗan wuta ke kamawa su hau ya goge har yana haske.

Kafin su tafi, tsohon ya sa shi ya ja da baya taku 100 ya sake kallo. Daga can babu ƙusa, babu ɓawon tsatsa, launuka ne kawai suka shiga juna a hankali. Malamin ya rubuta a littafinsa cewa kallon ƙaramin jirgi daga mita 1 daidai yake da kallon na gaske daga mita 76.

A wannan watan aka yi asara ta biyu. Ya wanke taragon fasinja ɗaya ya ɗora a kan rufin kwano ya bushe, da rana tsaka, a lokacin da zafi ya haura digiri 40. Da la'asar rufin robar ya lanƙwashe kamar kwale-kwale. Tun daga ranar a inuwa yake shanya komai.

Mayu zuwa Yuni: alli, sannan ƙaro

Yanzu ya san me yake nema, saura da me. Ya fara da abin da ya fi sani, allin makaranta. Ya kankare fari da ja da ruwan ɗorawa da reza, ya haɗa da garin gawayi, ya shafa da busasshen buroshi a kan lalataccen taragon, wanda daga nan ya zama na gwaji. Garin ya ƙi zama, roba mai santsi ba ta riƙe shi. Ya koma Kano ya nemo gwangwanin feshi na banish marar sheƙi, wato fenti marar launi da ake rufe aiki da shi, a shagon masu kayan zane, bayan ya fara sayen mai sheƙi bisa kuskure. Feshi ɗaya mai sauƙi, daga nisan santimita 30, ya ba jikin ɗan kaushin da gari ke kamawa. A kusa ko da yawa, shi ma feshin yana iya cin roba.

Alli ya zauna, ya yi kyau. Ya sake fesa banish a kai don kada hannu ya goge, sai kusan duk farin ya ɓace. Dalilin bai yi wa malamin makaranta wuyar ganewa ba: rubutun alli a jiƙaƙƙen allo ba ya fitowa sai ruwan ya bushe, shi kuwa banish jiƙo ne da ba ya tashi. Gawayin ne kaɗai ya tsira.

Mafita daga makarantar allo ta zo. Wata rana bayan Magariba yana zaune kusa da alaramman unguwa, almajirai suna haɗa tawada, ya lura yadda baƙin ke kama allo ba ya kakkaɓuwa da hannu, amma ruwa na wanke shi tas.

"Allah gafarta Malam, me ke riƙe shi haka?"

"Ƙaro ne, Malam. Na ɗakwara ya fi. In ya yi yawa tawada ta yi ƙyalli ta tsattsage, in ya yi kaɗan ta zube."

Ƙaro ba baƙo ba ne a wannan yanki, Jigawa da Yobe da Borno ne gidansa, kuma shi ne dai abin da masana'antu ke haɗa fentin ruwa na masu zane da shi. Alaramma ya ba shi dunƙule 4.

Matsalar girman ƙwaya kuma matarsa ce ta warware ta, ba da niyya ba, tana tace gasara. Ya kwaikwayi aikin: cokali 3 na ƙasa a kwalbar ruwa lita 1, a girgiza sosai, a jira minti 2 yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama mai gauraye ta cikin ƙyalle zuwa wani kwano, a bar shi ya kwana. Da safe a zubar da ruwan, abin da ya kwanta a shanya a inuwa, a murje da bayan cokali, a ratsa da mayen ƙarfe. Abin da ke fitowa ya fi garin alkama laushi, ba a jin sa tsakanin yatsu.

Ta haka ya haɗa launi 4. Ja daga jar ƙasar da ake cikon titi da ita. Ruwan ƙasa mai haske daga gefen fadama. Baƙi daga kunkunniyar gindin tukunya, wadda ta fi gawayi laushi nesa ba kusa ba. Fari kuwa, da yake farar ƙasa ma tana dusashewa a ƙarƙashin banish, sai ya koma ga ɗigon farin fentin ruwa na bango. Toka ya gwada ya bari, tana jan danshi kuma tana cin ƙarfe. Matarsa ta kawo kwalli don ƙyallin ƙarfe, ya ƙi, saboda irin na dutse yana ɗauke da darma kuma yara za su taɓa. Bakin fensir ya yi wannan aikin.

Ruwan ƙaron: murfin kwalba 1 na dakakken ƙaro a murfi 2 na ruwan ɗumi, ya kwana, a tace. Wajen aiki, ɗigo 1 na wannan a ɗigo 10 na ruwa, da garin launi a bakin tsinken sakace, da ɗan taɓin sabulun ruwa don kada ya dunƙule a jikin roba. Haɗin ya zama kamar shayin da bai ji ganye ba. Amfaninsa babba shi ne kuskure ba ya zama: jiƙaƙƙiyar auduga tana ɗauke shi.

Kafin ƙarshen Yuni ya gama taragun kaya 2. Tsohon ya juya ɗaya a hannu ya ce, "To, wannan ya je Ikko."

Agusta: damina

Ya ci gaba da sauran ukun a tsakiyar damina, a nan aka samu koma baya iri biyu. Wata safiya bayan ruwan dare ya fesa banish a kan tarago, jikin ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Feshin yana sanyaya wurin da ya sauka, danshin iska ya taru ya maƙale a ciki. Bayan kwana 2, da rana ta buɗe, ya sake feshi mai sauƙi, yawancin farin ya koma, saura kaɗan a rufi, ya bar shi a matsayin koɗewar rana.

Na biyu, taragu 2 da ya shafa wa ƙaro bai rufe da banish ba sun yi danƙo, ɗaya har da ɗigon hunhuna. Ruwan ƙaron da ke kwalba ma ya yi tsami cikin mako ɗaya. Ya wanke su, ya zubar da kwalbar, ya dakatar da aikin har ruwa ya ɗauke. Biyun da ya rufe tun Yuni ba abin da ya same su.

Oktoba zuwa Nuwamba: sauran taragu da kan jirgi

Da kaka ta shigo, iska ta bushe kuma hazo bai sauko ba, ya koma aiki da tsari ɗaya ga kowane tarago. Wanki da sabulu, shanya a inuwa. Rufe gilasan taga da bakin ƙafafu da tef ɗin takarda. Feshi ɗaya. Ruwan fari mai rauni ƙwarai a sama don koɗewa. Ruwan baƙi a cikin layuka. Ja da ruwan ƙasa daga gindi zuwa sama, bai wuce milimita 8 ba. Tsatsa ɗigo-ɗigo da tsinke a kan ƙusoshi, a ja ƙasa da ɗanyen buroshi sau ɗaya. Feshin banish na ƙarshe. Tsakanin kowane mataki kwana ɗaya, hoton tasha a buɗe a waya a gabansa.

Da gangan bai yi musu daidai ba. Taragon fasinja mai lafiya ƙura kaɗan ya samu a gindi da hayaƙi a rufi, don tsohon ya ce na fasinja ana wanke su. Taragun kaya biyu sun sha sosai, uku matsakaici. A jikin ɗaya ya yi 'yan rubuce-rubuce da farin fensir, irin alamar alli da ma'aikatan tasha ke yi.

Kan jirgin ya bari ƙarshe. Mai gyaran rediyo ya cire masa jikin daga kan injin, aka yi aikin a jikin kaɗai. Ƙafafun da sandunan da ƙaramin buroshi ya bi su, ba feshi, don wutar daga dogo take hawa ta bakin ƙafa, ɗan banish kaɗan ya isa ya yanke ta. Duk da haka da aka mayar sai da ya riƙa tsayawa a wuri ɗaya. Auduga da sifirit a bakin ƙafafun suka gyara. Farin tabon tururi sau 3 yana yi yana wankewa, tsohon yana cewa ya yi yawa, kafin a tsaya a kan siraran layi biyu. Sandunan ya goga musu fensir, ya ɗiga ƙaro mai kauri a gaɓoɓinsu, wato ƙyallin da alaramma ya yi gargaɗi a kai ya zama jiƙon mai.

Disamba: baje koli

An yi shi ranar ba da hutu, shekara ɗaya bayan lokacin da aka tsara. Teburi mai tsawon mita 2, dalar gyaɗa ta ƙananan buhunan ƙyalle, ginin tasha na kwali. Jirgin ya yi ta zagaye kusan awa 3 a kan batirin sola, ya tsaya sau 2, duka biyun ƙurar hazo ce a kan dogo. Cikin guda 9 da aka saya, 7 ne suka yi tafiya. Taragon da tina ta narkar da wanda rana ta lanƙwasa an ajiye su a gefen layi, aka dasa musu ciyawa ta zaren buhu. Dattawan da suka zo sun fi tsayawa a kan waɗannan biyun, suna gardamar a wace tasha suka san irinsu.

Abin da nazarin ya nuna

Gwaje-gwajen Nuwamba da Janairu kuskure ɗaya ne a riga uku: ɗaukar cewa abin da ke ɓata jirgin gaske shi zai tsufar da ƙarami. Yashi ba ya raguwa sau 76 don an sa shi a ƙaramin tarago, mai ba ya bushewa, tina kuma ba ta san bambancin tabo da jiki ba. Asarar taragon da tina ta narkar da an kauce mata da an fara ɗiga tinar a cikinsa, inda ido ba ya gani. Yayyafa wa kan jirgi yashi a gwajin farko, alhali shi kaɗai ne ba shi da madadi, ganganci ne, kuma sa'a ce ta sa injin bai ƙone ba.

A ganina ƙaro da tataccen gari sun samu yabo fiye da rabonsu a bakin waɗanda suka ji labarin. Kayan aiki ne masu kyau, masu arha, masu yafe kuskure, amma da ya same su a Nuwamba da taragun sun fito ja-ja daga sama har ƙasa, domin a lokacin haka yake zaton datti yake. Awa biyun da aka yi a tasha su suka juya aikin, kuma da babu tsohon da hotuna 40 ɗin ba su gaya masa cewa burki ne ke rina gindin tarago ba.

Yanayi ya ci watanni kusan 4 a banza. A wannan yanki lokacin feshi shi ne daga ɗaukewar ruwa zuwa saukar hazo, sai kuma 'yan makonnin bazara kafin ruwan farko, a inuwa.

Akwai inda aikin bai kai ba. Biyu daga taragun kaya sun fi ƙarfin zamanin da ake son nunawa: an kwaikwayi taragun da suka shekara da shekaru a ajiye, aka sa su a jirgin da ke kan aiki a lokacin gyaɗa. Ƙaron da ke ƙarƙashin banish zai ci gaba da tsoron danshi, shi ya sa kayan suke cikin akwatin roba mai murfi, da ƙullin shinkafa a ciki. Ƙahonin nan biyu kuma suna nan a gaban kan jirgin, tsohon yana ambatarsu duk lokacin da aka kunna shi. Malamin ya sayi reza da gam mai ƙarfi, ya ce zai fara yanke na lalataccen taragon ya ga yadda ƙugiyar tsakiya za ta zauna.